Muhawara: Ana ta turin benci, bayan dantse ya ƙi cika. Ina matsalar take?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambayata a kan tiraisef ce, tsokar bayan dantse. Mutum ne yana turin benci (kwanciya a benci a tura sandar ƙarfe mai faifan nauyi sama daga ƙirji) sau biyu a mako, in ya gama ya je kebul, wato injin da ake jan nauyi da waya, ya danna igiya ƙasa. Ƙirji yana fitowa, amma in ya saki hannu aka kalle shi ta gefe, bayan dantsen a shafe yake. Nauyi zai ƙara, ko akwai motsin da ba ya yi? Masana a taimaka.

Koci: Wa alaikumus salam. Kafin maganar nauyi, a fara sanin yadda tsokar take zaune. Kawuna uku gare ta. Biyu daga ciki, na waje da na ciki, daga bayan ƙashin dantse suka tsiro. Na ukun, wato dogon, daga allon kafaɗa ya taso, daidai ƙasan gurbin da kan ƙashin dantse yake shiga. Duka ukun sun haɗu a jijiya ɗaya wadda ta kama tsinin gwiwar hannu, kuma aikinsu na tarayya shi ne miƙar da gwiwar. Sai dai dogon, da yake ya tsallaka kafaɗa, yana da aiki na biyu: yana jawo dantse ƙasa da baya.

To a turin benci, gwiwar hannu tana miƙewa ne a daidai lokacin da dantse yake tafiya gaba. Dogon kan yana gajarcewa ta ƙasa, ana ja masa tsawo ta sama, sai ya zama tsawonsa bai wani canja ba, kason da yake ɗauka a aikin kaɗan ne. A dannin igiya kuma dantse yana manne da haƙarƙari, dogon kan a gajarce yake aiki. Ga shi kuwa shi ne babba cikin ukun, shi ke cika bayan hannu ta wajen hammata. Abin da mutuminka ya rasa shi ne motsin da gwiwar hannu take sama da kai.

Tsohon Hannu: Koci, da girmamawa, wannan bayanin aji ne. Je ka dubi duk wanda yake tura kilo 120 a benci, ka nuna mini wanda bayan dantsensa yake a shafe. Nauyi ne bai kai ba. Ƙanena, ka koma turin benci da matsattsen riƙo. Hannuwa daidai faɗin kafaɗa, kar ka haɗe su har manyan yatsu su taɓa juna kamar yadda yara ke yi, wannan tsintsiyar hannu kawai yake murɗawa. Gwiwar hannu kusa da jiki, sanda ta sauka a ƙasan ƙirji, ka ɗan tsaya, ka tura. Saiti 4 (saiti shi ne jerin ɗagawa a jere kafin a huta), ɗagawa 5 zuwa 8, hutun minti 3. Ranar da ka cika 8 a duka saitin huɗu, ka ƙara kilo 2.5. Ka yi wata shida a haka sannan mu yi magana.

Koci: Yaya, ba na musun matsattsen riƙo, yana cikin abin da zan rubuta masa. Amma an gwada wannan maganar. A 2020 wasu masu bincike a Barazil sun raba samari rukuni-rukuni, wasu turin benci kaɗai, wasu miƙar kwance kaɗai (a kwanta a benci, a lanƙwasa gwiwar hannu a sauke sanda wajen goshi, a sake miƙewa), wasu duka biyun, aka auna kowane kai da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki. Benci ya fi gina kan waje, dogon kan bai wani motsa ba sai a waɗanda suka yi miƙar. Sannan a 2022 Sumiaki Maeo da abokan aikinsa a jami'ar Ritsumeikan ta Japan suka ɗauki mutum 21, kowa hannu ɗaya yana danna kebul ƙasa, ɗayan yana miƙawa ta saman kai. Saiti 5, ɗagawa 10, sau biyu a mako, mako 12. Dogon kan ya ƙaru da kashi 28.5 cikin 100 a hannun da ke sama, 19.6 a hannun da ke ƙasa. Tsokar gaba ɗaya, kusan kashi 20 da kusan 14. Kuma hannun da ke sama nauyin da ya ɗaga bai kai na ɗayan ba, ya gaza shi da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Tsohon Hannu: Waɗanda aka gwada ɗin ba tsofaffin masu ɗaga ƙarfe ba ne. Sabon hannu ko tsintsiya ya ɗaga zai kumbura.

Koci: Gaskiya ne, shi ya sa ba wanda zai ce maka kai ma za ka ga kashi 28. Amma mutum ɗaya ne, abinci ɗaya, barci ɗaya, hannu biyu suka bambanta. Wannan bambancin ba sabunta ce ta kawo shi ba. Kuma mai tura 120 ɗin da ka kawo misali, ka bincika, da wuya ka samu ba ya haɗawa da miƙar kwance ko makamanciyarta.

Sabon Shiga: Na gode manya. Koci, yaya ake yin ta saman kan? Wasu a tsaye suke yi da dambel ɗaya, wasu da igiya.

Koci: Da kebul ta fi daɗi. Ka saita ƙugiyar daidai ƙugu ko ƙasa da haka, ka ɗaura igiya, ka juya wa injin baya. Ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ka ɗan sunkuya, ka ɗaure ciki kar gadon baya ya banƙare. Dantse kusa da kunne, ba sai ya manne ba. Ka bar hannu ya sauka bayan ƙeya har gwiwar ta lanƙwashe sosai, ka ji jan a bayan hammata. Saukar ta ɗauki daƙiƙa 2 zuwa 3, a ƙasa ka ɗan dakata ba tare da sakin jiki ba, sannan ka miƙe har ƙarshe. Dantsen ba ya motsi, gwiwar hannu kaɗai ke buɗewa tana rufewa. Saiti 3, ɗagawa 10 zuwa 15, hutun minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka tsaya lokacin da ka san saura ɗagawa 1 ko 2 kawai a jikinka.

Kurakuran da suka fi yawa: yanke saukar a rabi saboda nauyi ya yi yawa, alhali rabin ƙasan nan shi ne dalilin yin motsin, sai jefa dantse gaba a taimaka da kafaɗa, sai banƙare baya. Duka ukun maganinsu ɗaya, rage faifai.

In dambel ne, ka zauna a benci mai gajeren majingini, tafin hannu biyu a ƙarƙashin faifan sama, manyan yatsu sun zagaye mariƙin. In dambel ɗin mai kwancewa ne ka duba makullinsa kafin ka ɗaga, domin faifan a kan wuyanka yake rataye.

Mai Gashin Ƙashi: Koci ya kawo amfanin, bari in kawo kuɗin da ake biya. Motsin da ya fi jan tsokar shi ne kuma ya fi jan jijiyar da ke tsinin gwiwar hannu. Tsoka tana ƙarfi cikin makonni, jijiya kuwa jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, watanni take ɗauka kafin ta saba. Shi ya sa za ka ga mutum ya fara miƙar saman kai, mako uku yana ƙara nauyi yana murna, a na biyar gwiwa ta fara zafi. A fara da saiti 2 kawai, nauyin da za a iya ɗagawa sau 15 ba wahala, a yi mako biyu a haka. Kuma kar a fara da ita da sanyin jiki. Dannin igiya mara nauyi, ɗagawa 20, saiti 2, shi ne ɗumin da ya dace.

A kuma bambance ciwon, don ba iri ɗaya ba ne. Zafi daidai saman tsinin, wanda ke tashi in ana miƙewa da nauyi, yawanci jijiyar tsokar ce: a rage nauyi da wajen kashi ɗaya cikin uku, a rage zurfin sauka, a yi a hankali, ba a daina gaba ɗaya ba. In zafin bai wuce 3 cikin 10 ba, kuma washegari bai ƙaru ba, a ci gaba. Amma in ƙaramin yatsa da gefen na kusa da shi suna mutuwa ko suna tsira-tsira kamar lantarki, wannan jijiyar laka ce da ke bi ta bayan ƙashin gwiwa ta ciki, lanƙwasa gwiwa sosai ke takura ta. A ajiye motsin a ga likita. Kumburi mai taushi kamar ƙwai a kan tsinin kuma jakar ruwan da ke wurin ce ta kumbura. In ya yi ja, yana zafi, da zazzaɓi, ba na jira ba ne.

Injiniya: Akwai abin da ba a cika lura da shi ba, wato inda nauyin ya fi cizo. Dambel ƙasa kawai yake ja. Wahalarsa tana kai ƙarshe ne lokacin da gaban hannu, daga gwiwa zuwa tsintsiya, ya kwanta a miƙe daidai da ƙasa, tana kuma zama sifili in ya tsaya a tsaye. Ɗauki harbin baya, wanda ake sunkuyawa a miƙa dambel ta baya. A farkonsa, inda tsokar take da tsawo, gaban hannu a tsaye yake, ba aikin komai. A ƙarshensa, inda tsokar ta gajarce har ba ta da ƙarfi, nan nauyin ya fi. Shi ya sa ƙato zai kasa da kilo 8 ya koma lilo da shi. Miƙar kwance kuma, in ka tsayar da dantse tsaye cak, a saman motsin ƙashi ne ke ɗauke da sandar, tsoka na hutu. Ka karkatar da dantsen baya ta wajen kai da ɗan kaɗan, ka sauke sandar bayan kai maimakon goshi. Ka sami riba biyu: nauyi bai taɓa sauka daga kan tsokar ba, dogon kan kuma ya sami ƙarin ja. Ta uku, goshinka ya tsira.

Ɗan Jim: Injiniya, amma ai akwai gwajin da aka yi a jami'ar Wiskonsin ta Amurka a 2011, aka manna wa mata waya a bayan dantse ana auna aikin tsokar. Firesof (kifuwa a ƙasa a tura jiki sama da hannu) mai haɗe hannu ne ya zo na ɗaya, harbin baya da dif (dafa abu a sauke jiki a ɗago shi da hannu) suka biyo. Miƙar saman kai tana bayansu. Yaya ke nan?

Injiniya: Abin da wayar take aunawa siginar lantarki ce a fatar wurin a wannan lokacin, ba girman da tsoka za ta yi bayan wata uku ba. Siginar kan yi sama in tsoka ta matse a gajarce, kuma harbin baya can ya fi matsewa. In sakamakon waya ya saɓa da sakamakon auna tsokar kanta bayan makonni, na biyun ake bi. Firesof mai haɗe hannu dai motsi ne mai kyau, wannan ba gardama.

Tsohon Hannu: To dif fa? Kun bar babban yaya kuna ta maganar igiya. Sanduna biyu, jiki a tsaye ba sunkuyo, sauka har dantse ya kwanta daidai da ƙasa, tashi. In ka iya 12 masu tsabta, ka rataya kilo 5 a ƙugu. Ba kebul, ba wuta, ba kuɗin wata.

Mai Gashin Ƙashi: Na sanduna biyu na yarda, matuƙar an tsaya inda ka ce. Wanda ba na so shi ne na bakin benci, hannuwa a baya ƙafafu a gaba. Yana kai dantse baya fiye da iyakarsa, kan ƙashin yana turo gaban kafaɗa, sannan a ɗora wa mutum faifai a cinya. Mai ciwon kafaɗa ya bar shi. Wanda dole sai ya yi, bayansa ya riƙa gogar bencin, kar ya sauka da zurfi.

Maman 'Yan Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Mu mata tambayarmu daban ce. Ba girma ake nema ba, naman bayan hannu ne da ke reto ake so ya ɗame. An ce a ɗauki kilo 1 a yi sau 50 kullum, don mai nauyi yana mayar da hannu irin na maza. Haka ne?

Anti Mai Horo: Maman 'Yan Biyu, ba haka ba ne. Abin da ke reto kitse ne da fata, tsokar tana ƙarƙashinsu. Ɗamewar da ake so abu biyu ne suka haɗu: tsoka ta ɗan cika, kitsen da ke kanta ya ragu. Motsa hannu yana yin na farko, ba ya zaɓar kitsen hannu ya ƙona. An gwada a Amurka a 2007, mutum 104 suka yi mako 12 suna horar da hannu ɗaya kawai, hoton MRI bai nuna kitsen wannan hannun ya fi na ɗayan raguwa ba. Kitse daga jiki gaba ɗaya yake tafiya, kuma ga mata da yawa bayan hannu da cinya su ne na ƙarshen sallamawa. Rage wajen kalori 500 a rana yana sauke kimanin rabin kilo a mako. A aikace: rage lemon kwalba da sukarin shayi, rage man suya, rage malmalar tuwo, a ƙara ganye da wake, a yi tafiyar ƙafa.

Kilo 1 sau 50 kuwa, in kin gama ba ki ji komai ba, tsokar ma ba ta ji ba. Ki nemi nauyin da zai sa ɗagawa ta 12 zuwa ta 15 ta yi miki wuya. Yawancin masu farawa kilo 3 zuwa 5 da hannu biyu ta saman kai ya ishe su. Ki haɗa da firesof a jikin bango, in ya yi sauƙi ki koma bakin tebur mai ƙarfi, sannan ƙasa a kan gwiwa. Sau biyu ko uku a mako, ba kullum ba. Batun zama kamar namiji, sinadarin testosteron na mace bai kai kashi ɗaya cikin goma na namiji ba, su mazan ma ga shi nan suna kukan abin ya ƙi. Sai dai in faɗa miki gaskiya: fatar da ta saki bayan babbar rama ko saboda shekaru, motsa jiki yana rage ganinta ne, ba ya mayar da ita yadda take. Mai ciki ko wadda ta haihu ta tiyata kwanan nan ta jira izinin likita.

Injiniya: Ga wanda ba shi da dambel, lissafin mai sauƙi ne. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Busasshen yashi wajen kilo 1.5 a lita, kankare wajen 2.4. Gorar lita ɗaya da rabi cike da yashi ta haura kilo 2 kaɗan. Gwangwanin fenti mai lita 4 in aka cika shi da kankare ya doshi kilo 10. Masu zuba na kankare su auna kowane gefe a sikeli bayan ya bushe, domin bambancin kilo 1 tsakanin dama da hagu gwiwar hannu ɗaya ce za ta biya. A kuma huda bakin bututun a soka ƙusa ko guntun rodi kafin a zuba, in ba haka ba wata rana kankaren zai zame, kuma a miƙar kwance fuska ce a ƙarƙashinsa. Matsalar kankare ita ce ba a ƙara masa kilo 1. Sai a ƙara yawan ɗagawa, daga 10 har 20, ko a rage saurin sauka, kafin a zuba wani.

Sabon Shiga: To a haɗa mana shi a mako. Saiti nawa gaba ɗaya?

Koci: Ga mai turin benci sau biyu a mako, saiti 6 zuwa 10 na tiraisef kai tsaye, ban da matsattsen riƙo da dif, sun isa, domin benci da turin kafaɗa ma suna cinsa. Misali Litinin: bayan benci, miƙar saman kai saiti 3 na 10 zuwa 15, dannin igiya saiti 2 na 12 zuwa 20. Alhamis: matsattsen riƙo ko dif saiti 3 na 6 zuwa 10, miƙar kwance da lanƙwasasshiyar sanda saiti 3 na 10 zuwa 12. A bar awa 48 tsakani. A rubuta nauyi da adadi a littafi. A auna dantse da tef ɗin tela sau ɗaya a wata, da safe kafin motsa jiki, a wuri ɗaya, domin awon bayan an gama jini ne ya taru, zuwa dare ya sauka. In an shekara ana yi, ƙarin santimita 1 cikin wata uku ko huɗu ci gaba ne mai kyau.

Abinci kuma: furotin gram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wuce 2.2 ba ya ƙara komai a zahiri. Mai kilo 70 yana neman wajen gram 112. Ƙwai ɗaya gram 6, dafaffiyar tsokar ƙirjin kaza gram 100 tana ba da wajen 30, ɗanyen wake gram 100 ya haura 20, gyaɗa wajen 25. Awara, kindirmo, kifi, ƙuli-ƙuli duk suna shiga lissafi. Ba dole sai garin furotin na gwangwani ba.

Ɗan Jim: Wasu suna haɗawa da sha-ka-fashe wai don jiki ya yi saurin cika.

Mai Gashin Ƙashi: Subhanallah. Ƙwayar da aka fi sayarwa da wannan sunan deksametason ce. Ruwa take tarawa da kitse a fuska da ciki, tsokar hannu da cinya kuwa cinye ta take yi, tana tayar da sukari da hawan jini, tana raunana ƙashi da jijiya. Wanda ya daɗe yana sha kuma kar ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali. Allurar sitiroyid ta masu gina jiki ita ma tana cikin sanannun dalilan tsinkewar jijiyar tiraisef, don tsoka tana wuce ƙarfin jijiyarta. Haka mai shan sifrofuloksasin, maganin da ake yawan bayarwa na taifot, ya sassauta nauyi, an san shi da raunana jijiya. Alamar tsinkewa: a ji ƙara, wuri ya loɓa a saman tsinin gwiwa, a kasa miƙe hannu in an ɗaga shi sama. Wannan ba na mai ɗori ba ne. Asibitin ƙashi za a nufa, irin na Dala a Kano, kuma ɗinkin ya fi kyau cikin mako biyu zuwa uku na farko, kafin tsokar ta janye sama. Mai hawan jini kuma kar ya riƙe numfashi yana turi, ya fitar da iska lokacin miƙewa.

Tsohon Hannu: Koci, jadawalinka ba laifi, amma ranar Alhamis kar wani ya juya shi ya fara da miƙar kwance. In tiraisef ya gaji kafin a shiga ƙarƙashin sanda, a rabin hanya take tsayawa, kuma a kan ƙirji take tsayawa. Mai nauyi farko, da mai tsaro a bayan benci. Wanda yake shi kaɗai kar ya sa makulli a bakin sandar, don in ta ƙi tashi ya karkata faifan su zube.

Koci: A nan ba mu da saɓani. Sai dai mai ciwon gwiwar hannu ya sa dannin igiya mara nauyi kafin duka biyun, kamar yadda Mai Gashin Ƙashi ya ce.

Sabon Shiga: In kafaɗar mutum ba ta kai dantse kusa da kunne fa, sai baya ya banƙare?

Mai Gashin Ƙashi: Kar ya tilasta. Ya ɗaga majinginin benci zuwa digiri 30 ko 45, ya kwanta, ya yi miƙar da dambel biyu, tafin hannu na kallon juna, yana sauke su gefen kunne zuwa bayan kai. Bencin zai riƙe masa baya, dantsen kuma ya wuce inda yake kaiwa a kwance. Duk bayan mako biyu ko uku ya gwada ɗaga majinginin mataki ɗaya, in kafaɗar ta ƙi, ya tsaya a inda ba ta ciwo.